Rance ko Asusu: Yadda Za Mu Biya Kuɗin Maganin Dabbobinmu

Tunda an gama zubi, an ƙirga, an rufe akwati, ina roƙon ku ɗan ara mini kunnuwanku kafin rana ta yi zafi.

Maganar yau a kan dabbobinmu ce. Duk wadda ke da akuya, ko tunkiya, ko ragon turke, ko da kaji ne a gida, ta ɗaga hannu mu gani. To, kun ga kusan dukkanmu ne. Ita akuya a wurin macen karkara banki ce mai ƙafa huɗu. Ranar da yaro zai koma makaranta, ita ake kaiwa kasuwa. Ranar biki ko suna, ita ce. Ranar da maigida ya kwanta rashin lafiya kuma rumbu ya yi ƙasa, ita ce dai. Cikinta wata biyar ne, kuma jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi ba a jin mamaki in ta haifi tagwaye. Amma wannan bankin yana da numfashi, yana kamuwa da ciwo, yana kuma mutuwa.

Tambayar da nake so mu amsa tare ita ce: ranar da dabba ta kwanta, kuma malamin dabbobi ya faɗi kuɗin allura da magani, daga ina kuɗin zai fito? Hanyoyin da ke gabanmu biyu ne. Ko dai mu jira ciwo ya zo mu ci bashi, ko kuma mu riƙa ajiye wani abu tun dabbar tana da lafiya, a asusu na musamman da zai ɗauki nauyin wadda abin ya faɗa wa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi daɗin kowace da ɗacinta, sannan ku yanke abin da ya dace da ƙungiyarku.

Yadda wasu ke yi a can

Wannan tambaya ba mu kaɗai take damu ba. A Amurka, inda mutane ke kiwon karnuka da kyanwoyi a cikin ɗaki kamar 'ya'yan gida, kuɗin likitan dabbobi yana da tsada ƙwarai, kuma su ma hanyoyin nan biyu suke bi.

Ta farko katin bashi ne na jinya. Akwai wani sananne mai suna CareCredit. Mutum zai kai dabbarsa asibiti, katin ya biya, shi kuma ya riƙa biya a hankali. Sukan ba da wa'adi na wata 6, ko 12, ko 18, ko 24, a ce in ka gama biya a cikinsa babu kuɗin ruwa. Amma akwai ƙugiya a ciki. In wa'adin ya cika da sauran bashi a kanka, ko da kaɗan ne, sai a lissafa maka ruwa tun daga ranar farko da ka ci bashin, kuma ruwan ya haura kashi 25 cikin ɗari a shekara.

Ta biyu inshora ce. Mutum yana biyan kamfani wani abu kowane wata tun dabbarsa lafiya lau. In ta yi ciwo, galibi shi zai fara biyan likita daga aljihunsa, sannan ya kai takardu a mayar masa da wani kaso. Su ma suna da sharuɗɗa. Ba sa biyan ciwon da dabba ke da shi tun kafin a shiga. Sukan sa a jira wasu kwanaki, sau da yawa kamar mako biyu, kafin inshorar ta fara aiki. Kuma akwai ɗan abin da mai dabba zai biya da kansa kafin su sa hannu.

Na kawo wannan ne don mu ɗauki hikimar da ke ciki. Mu ba mu da katin, kamfanin ma bai iso ƙauyenmu ba. Amma muna da akwatin nan mai kwaɗo uku, kuma da shi za mu iya yin duka biyun. Kada ku manta, irin wannan tsari na tara kuɗi da ba juna rance, wanda yau ya bazu ƙasashe da yawa, matan Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar suka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da sunan Mata Masu Dubara. Ke nan dubarar tamu ce tun asali.

Hanya ta farko: rance daga akwati

Wannan kun san ta. Akuyarki ta daina cin abinci, kin zo taro, kin nemi rance, an duba littafinki, an ba ki. Dokarmu ta ce mace za ta iya karɓar har ninki uku na abin da ta tara.

Daɗin rance shi ne ba kya biyan komai sai buƙata ta zo. In shekara ta zagayo dabbobinki lafiya, ko sisi bai fita daga hannunki ba. Kuma babu mai tambayarki yaushe ciwon ya fara.

Ɗacinsa kuma uku ne. Na ɗaya, ciwo ba ya jiran ranar taro. In muna zama ran Talata, akuya ta ɓarke cikin rogo ko ɗanyen hatsi ran Laraba cikinta ya kumbura, kafin wata Talatar ai an riga an yanka ta ko an jefar. Na biyu, ba kullum akwati ke da kuɗi ba. A farkon zagaye, ko lokacin da kowa ta ɗauki rancen taki da iri, za ki iya zuwa ki tarar akwati wayam. Na uku shi ne mafi nauyi: ko dabbar ta tashi ko ba ta tashi ba, bashi yana nan. Ki yi tunanin mace da ta ci rance ta yi wa tunkiya magani, tunkiyar ta mutu, ga kuma ranar biya ta zo. Ta yi asara biyu ke nan. Rancen sana'a daban yake, don kuɗin yana juyawa ya haifi riba da za a biya da ita. Rancen magani ba ya haihuwa, sai dai ya ceto abin da kike da shi.

Bari mu yi lissafi da misali. Kuɗin da zan ambata na misali ne kawai, ku sa farashin garinku a madadinsu. A ce magani da kuɗin zuwan malamin dabbobi sun kama naira 16,000. A ce ƙungiyarku na karɓar ladan hidima kashi 5 cikin ɗari a wata. Naira 800 ke nan kowane wata. In kin biya a wata uku, kin ƙara 2,400, jimla 18,400. A ƙungiyoyin da suka yarda ba sa ɗora komai a kan rance saboda gudun riba, 16,000 ɗin za ki mayar, amma ita ma sai kin nemo ta cikin wata uku.

Ina kuma jan kunnenmu game da bashin waje. Akwai mai shagon magani da zai ce ki ɗauka kya biya in kin sayar. Akwai dillalin da zai ba ki kuɗi da sharaɗin shi za ki sayar wa ragon in salla ta zo, a farashin da ya yanka tun yanzu. Akwai kuma masu ba da bashi ta waya. Kafin ki karɓa, ki yi tambaya uku: nawa zan biya gaba ɗaya, wace rana, kuma in na makara da mako ɗaya me zai faru? In ya kasa ba ki amsa a fili gaban shaida, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hanya ta biyu: asusun lafiyar dabbobi

Kun san asusun taimakon da muke zubawa kowane mako, wanda ake cirewa a ba wadda aka yi wa rasuwa ko gobara. To, irinsa ne, sai dai wannan na dabbobi ne zalla, a jakarsa daban cikin akwati, da shafinsa daban a littafi.

Ga misali. A ce mu mata 25 ne, kuma in aka haɗa awaki da tumakinmu sun kai 100. A ce mun yarda kowace dabba naira 50 a mako. Mai akuya huɗu za ta zuba 200, mai biyu ta zuba 100, mai goma ta zuba 500. Haka ya fi adalci, don mai garke ta fi mai akuya ɗaya yawan buƙata. A mako asusu zai samu 5,000. A mako 52 ya tara 260,000.

Yanzu mu koma kan ciwon nan na 16,000. A ce dokar asusu ita ce ya biya kashi uku cikin huɗu, mai dabba ta biya ɗaya. Asusu ya ba da 12,000, ke ki cika 4,000. Babu bashi a kanki. Ko dabbar ba ta tashi ba, ba wanda zai biyo ki. Ke mai akuya huɗu, abin da kika zuba a shekara 10,400 ne, ki haɗa da 4,000, ya zama 14,400. Ta hanyar rance da 18,400 kika biya.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai na faɗa muku ɗaya gefen. In shekarar ta wuce babu abin da ya samu dabbobinki, 10,400 ɗin ta fita, alhali wadda ta tsaya a kan rance ba ta kashe komai ba. A nan ne za ki ji wata ta ce, ni fa kuɗina ya tafi a banza, Inna wance ce ta ci. Wannan maganar ita ke rusa irin wannan asusu, shi ya sa nake so mu fahimce ta tun yau. Abin da kika saya da kuɗin nan kwanciyar hankali ne. Bana Inna ce, baɗi wataƙila ke ce, kuma babu wadda ta san layin da za ta faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu tambayar ko ya halatta, wannan tsari ya yi kama da abin da ake kira takaful: kowa yana ba da gudummawa ne da niyyar taimakon juna, ba saye da sayarwa ba, kuma in an samu rara ta masu zubin ce. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta tambayi malamin da ta yarda da shi kafin ta shiga.

Inda asusu ke karyewa

Asusu yana aiki ne idan ciwo yana zuwa wa mutum ɗaya yau, wani gobe. In ya zo wa kowa rana ɗaya, asusu ya durƙushe. Mu duba lissafin. Daga 260,000 a ce mun ware 60,000 don rigakafi da maganin tsutsar ciki, saura 200,000. A ce mun sa iyaka, ba wadda za a kashe wa fiye da 15,000 a shekara. Kuɗin zai ishi mata 13. In annoba ta shigo gari ta taɓa mu duka 25, ana buƙatar 375,000. Kun ga ba za ta kai ba.

Kuma annobar tana nan. Akwai ciwon awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. Kun san shi ko ba ku san sunan ba: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, tari, sai zawo mai wari. Yana bin garke kamar wutar daji, kuma inda ba a yi rigakafi ba yana iya kwashe mafi yawan dabbobin. Ƙwayar cutar da ke kawo shi ba ta jin allurar da ake saya a kasuwa. Abin da allurar ke yi kawai shi ne taimaka wa dabba a kan wasu cututtukan da ke biyo baya. Amma yana da rigakafi, allura ɗaya tak tana tsare dabba aƙalla shekara uku. Ana haɗa ta a nan gida Najeriya, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos. Hukumomin duniya sun sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da suke fatan kawar da wannan ciwo baki ɗaya. Kada ku ce ba zai yiwu ba. Iyayenmu da ke nan sun ji labarin bushiya da ta riƙa share garken shanu. Da rigakafi aka yi ta binta har aka sanar da ƙarewarta a duniya a 2011.

Kaji ma haka. Ciwon nan da ke zuwa da hunturu, kaza ta yi zugum, wuya ya murɗe, ta yi koren kashi, a wayi gari akurki ya zama kango, shi ake kira Niyukasil. Ba shi da magani, amma yana da rigakafin da ake ɗigawa a ido, ana maimaitawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya tana isar kaji da yawa, shi ya sa ya fi sauƙi a haɗu a saya a yi wa na unguwa duka rana ɗaya.

Saboda haka kuɗin farko da zai fita daga asusu na rigakafi ne. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan shi ne katangar asusun kanta.

Dokokin da nake ba ku shawara

In kun yarda za ku buɗe asusun, ga abubuwa bakwai da ya kamata ku tattauna, ku rubuta a kundin dokokinku, kowa ta sa hannu ko ta dangwala. Tun ran gini ran zane.

Na ɗaya, a rubuta kowace dabba: akuya ce ko tunkiya, launinta, alamarta, da sunan mai ita. Mata biyu daga ƙungiya su je su gani da idonsu. Wannan yana da wani amfani kuma. In an rubuta cewa akuyar ta wance ce, magana ta ƙare ranar da wani a gida ya so ya ja ta kasuwa ba da saninta ba. Dabbar maigida ko ta ɗan'uwa ba ta shiga sai in ƙungiya ta amince ana zuba mata.

Na biyu, dabbar da ke da ciwo ba ta shiga sai ta warke. In ba haka ba, kowa za ta jira sai akuya ta kwanta sannan ta kawo naira 50 ta nemi 12,000.

Na uku, sabuwar dabba ta yi wata ɗaya ana zuba mata kafin asusu ya fara ɗaukar nauyinta. A mako biyu zuwa uku na farko a ɗaure ta nesa da sauran, musamman wadda aka sayo daga kasuwa, don ta nan ciwo ya fi shigowa gida.

Na huɗu, wadda ta ƙi kawo dabbarta ranar rigakafi, asusu ba zai biya mata ciwon da rigakafin ke karewa ba.

Na biyar, mai dabba ta biya kasonta, kuma a sa iyakar abin da za a kashe wa mace ɗaya a shekara. Wanda ya sa nasa a ciki ya fi lura.

Na shida, a ware ɗan kuɗin gaggawa a hannun mata biyu amintattu, don a iya kiran malamin dabbobi ko da tsakar dare ne. A taro na gaba su kawo lissafi gaban kowa.

Na bakwai, ranar rabo kada a rabe asusun nan kaf. A bar aƙalla rabi ya shiga sabon zagaye. In an share shi, watannin farko za su same mu hannu wofi, kuma ciwo bai san an yi rabo ba.

Wa za mu kira, me za mu saya

Kuɗin asusu amana ne, kada a zuba shi a hannun wanda bai san aiki ba. Ku je sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ko asibitin dabbobi mafi kusa, ku san ma'aikacin da ke kula da yankinku, ku ajiye lambarsa a bangon littafi. Ku tambaye shi lokacin da gwamnati ke fitowa rigakafi, don wani lokaci ana yi kyauta ko da rangwame. Maganin da za a saya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Wanda aka shanya a rana a kasuwa, ko aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, a bar shi. Allurar rigakafi kuwa sanyi take so, in ba a cikin ƙanƙara aka kawo ta ba, ku yi tambaya. Bayan an yi wa dabba allura, ku tambayi kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta, saboda lafiyar yaranmu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo: share turke, tsabtataccen ruwan sha, da tsince leda daga tsakar gida. Akuyar da ta tara leda a ciki tana ramewa a tsaye, mai ita tana ta sayen maganin tsutsa a banza.

Wata za ta ce, to ina inshorar gwamnati? Akwai hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa, NAIC, kuma tana karɓar dabbobi. Sai dai irin wannan inshora ta fi karkata ga biyan asarar dabbar da ta mutu, ba kuɗin allurar yau da gobe ba. Ƙungiyar da ta yi ƙarfi har ta shiga kiwon turke da raguna ko bijimai masu tsada, ya dace ta aika wakilai ofishinsu na jiha su ji sharuɗɗan da kunnensu. A arewacin Kenya ma, a yankin Marsabit, tun 2010 aka fara wata inshorar makiyaya da ke biya idan hoton tauraron ɗan'adam ya nuna ciyawa ta ƙone saboda fari. Ita ma maganin fari take yi, ba ta biyan likita. Ƙananan ciwace-ciwacen gida dai mu ne za mu tsaya wa kanmu.

To wacce za mu ɗauka?

Ga ra'ayina, kuma ku ne masu yankewa. Asusu ya zama na gaba, rance ya tsaya a baya. Rigakafi, maganin tsutsa da ciwon da ba a shirya masa ba, asusu ya ɗauka. In kuɗin ya wuce iyakar asusu, sannan a duba rance, kuma kafin a ci shi a yi wa kai tambaya biyu. Shin malamin dabbobi yana ganin za ta tashi? Shin kuɗin maganin bai kusa kuɗin dabbar ba? Ragon da saura wata biyu salla, aka ce zai warke, ya cancanci a ci masa bashi, don shi zai biya da kansa. Tsohuwar akuyar da ta daina haihuwa, kuma maganinta ya kai rabin kuɗinta, wataƙila hakuri ya fi. Amma ina roƙonku, dabbar da ake zargin tana da ciwo mai yaɗuwa kada a kai ta kasuwa, don gidan wata 'yar'uwarmu za ta ƙarasa. Wadda ta mutu da kanta kuma a binne ta da zurfi.

Mai kaza biyar da akuya ɗaya, kada ki ce wannan maganar ta masu garke ce. Ke ce ma kika fi buƙata, don mai goma in ɗaya ta mutu saura tara, ke kuwa in taki ta tafi shi ke nan.

Aikin da zan bar muku kafin mako mai zuwa guda uku ne. Kowa ta ƙirgo dabbobin da suke nata na kanta. Kowa ta tuno nawa ta rasa a shekarar da ta wuce, a wane lokaci, da alamar da ta gani. Sakatariya da mutum ɗaya kuma su je su jiyo mana kuɗin rigakafin akuya ɗaya da na kaza ɗaya a wurin ma'aikacin dabbobi. Da waɗannan za mu zauna mu cire lissafin misali, mu sa namu na gaskiya, sannan a kaɗa ƙuri'a.

Yanzu fili naku ne. Iya, ke da kika fi mu daɗewa a kiwo, muna so mu fara jin ta bakinki. Allah Ya sa albarka a abin da muke tarawa, Ya tsare mana dukiyarmu da iyalanmu.